Wuta Biyu a Kan Dutse

Mu biyar ne a zangon ranar. Akwai Gwaggo Hajjo, yayar mahaifina, ita ta ja tafiyar. Akwai Kawu Ɗanladi, ƙanen mahaifiyata, mai jakuna uku. Akwai Kande, autar Gwaggo, taubashiyata, wadda muka tashi a tabarma ɗaya. Akwai Baba Ari, tsohon Babarbare mai fasa dutse, shi a can muka tarar da shi, bukkarsa a gindin dutsen. Sai ni. Duk huɗun sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu, har da Kande, ko da yake ita sai na yi da gaske bakina yake kaiwa ga sunanta cikin addu'a.

Abin da ya tono mini maganar, jikata ce da ke lakwal, makarantar boko, a Damagaram ta zo bakansi, wato hutu. Ina zaune ina tsinkar zogale ta zo ta kara mini salula a fuska. Ta ce, "Kaka, duba. Mu ne nan, ni da ƴan ajinmu. Kwana biyu muka yi a gindin duwatsu." Na ce wa ya kore ku daga gari? Ta ce ba kowa. Na ce to ɗakunan kwananku ne suka rushe? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Shan iska ne, Kaka. Yanzu haka ake yi." Na karɓi abin na nisanta shi da idona, don kusa ba na gani. Ga tantuna ja da shuɗi an kakkafa a kan yashin da ke tsakanin duwatsu biyu, daidai inda ruwa ke bi in an yi sama. Ga tukunyar gaz, ga gwangwanayen sardin a zube, ga ledoji sun maƙale a ƙaya. Wani saurayi ya hau can ƙololuwa ya buɗe hannuwa kamar shi ya ajiye wurin, a ƙarƙashin ƙafarsa an shafe dutse da fenti, wai sunayensu ne. Ina shirin mayar mata sai idona ya faɗa kan wani dutse a bayansu, babba, da ƙarami a ɗore a kansa ya karkace kamar tulu a kan yarinyar da ba ta iya gammo ba. Na san shi. Yini guda na yi ina kallonsa, hayaƙi na cin idona. Amma falalen da ke gabansa, shimfiɗaɗɗen dutsen da muka hura wuta a kai, babu shi. Rami ne a wurin, fari fat, da kamiyo, babbar motar kaya, a tsaye a ciki. Ta ce ai tsakuwar gini ake fasawa. Na miƙa mata abinta, na ce ta je ta ɗora ruwa.

Ƴan yanzu ba za su gane abin da ya kai mu can ba, sai na faro daga tushe. Ƙasarmu ta wajen Yekuwa rairayi ce. Sai ka yini kana tafiya ba ka ga dutsen da za ka jefi kare da shi ba. Murhu ma da curin yumɓu muke yi, ko gindin tsohuwar tukunya. Turmi yana surfe, yana dakan fura, amma garin tuwo mai laushi da markaɗen wake da niƙan gyaɗa, waɗannan sai dutse. Shi ya sa dutsen niƙa gado ne a wurinmu. Uwa ta mutu, ƴaƴanta mata su shekara ba sa gaisawa a kansa. Da asuba, kafin zakara ya gama, gari duka gurr gurr yake yi, kowace mace da muryar dutsenta. Ina kwance zan gaya maka wa ta tashi, wa ta makara, wa mijinta ya ɓata mata rai, don niƙan fushi dabam yake, gajere ne kuma ba waƙa. Yau mashin ɗin niƙa ɗaya ne a bakin kasuwa, yana tari yana aman hayaƙi, mata a jere da kwanoni kowa kanta a sunkuye cikin salula, gari ya fito da zafi da warin man gazuwal. Ranar da ya lalace sai a kwana da yunwa, ga hatsi fal a rumbu. Na gani da idona bara. Kwana uku ana jiran wani ƙarfe daga Magariya, matan ƴaƴana suna ta dafa taliya kamar baƙi a gidan kansu. Na yi magana. Na yi ta ne dai don in sauke, ba don za a ji ba.

Shekarata ɗaya da aure a lokacin. Gidan surukaina dutse ɗaya ne, mu huɗu matan ƴan'uwa muke bin sa, ni ce ƙarama, don haka ni ce ta ƙarshe. Kafin ya zo kaina rana ta fito, dutsen ya yi santsi, ni kuma na gaji da tsugunno. Tuwona kullum shi ke makara, kullum ni ce mai nawa. Da aka gama kaka surukata ta ce za a raba mini tukunya ranar da na samu dutsena. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, nata ya tafi ɗakin yayata. Sai ga Gwaggo ta ce za ta kai Kande duwatsun kudu da Damagaram a fasa mata dutse, don bayan salla za a kai ta ɗaki, in shirya mu tafi tare. Irin wannan tafiya ba kowace shekara ake yin ta ba. Sai an samu jakuna, sai namiji ya yarda ya bar aikinsa, sai an tara guzuri. Wadda ta wuce ta tana iya jira har ta aurar da ƴarta.

Kwana uku muka yi a hanya. Gwaggo ba ta sauka inda ƙafa ta gaji, sai inda idonta ya yarda. Ta duba ƙasa ko akwai ramin kunama, ta duba iska, ta duba sama ko itacen yana da reshen da zai faɗo. Kafin kowa ya zauna sai an kwance wa jakuna, an ba su ruwa. Takan ce wanda ya ɗauko ka shi ke fara sha. In za mu tashi, a binne toka, a bar guntun itace uku a gindin murhu saboda mai zuwa, ko ba ka san shi ba. Ni da Kande mu ne ɗebo ruwa, mu ne dama fura, mu ne shan faɗa. Da hantsin rana ta huɗu ƙasa ta fara sauya mana a ƙarƙashin ƙafa. Ta yi tauri, ta yi ja, ƙananan duwatsu suna sukar tafin da bai san komai ba sai yashi. Can sai ga su sun taso a gabanmu, baƙaƙe, a kan juna, kamar an tara rumbuna an manta da su. Na tsaya. Kande ta ƙwala mini kira daga baya, sai wata ta ƙwala daga cikin dutsen da muryar Kande. Na kama zanen Gwaggo. Ta fizge ta ce, "Sakar ni. Dutse ne, abin da ka ba shi yake mayar maka."

Kawu ya hango yashi mai laushi tsakanin duwatsu biyu, ya ce alhamdu lillahi, ga gida. Ya fara kwance kaya. Sai muka ji murya daga sama. Wani tsoho ne zaune a kan dutse, siriri, hannuwansa fari fat da ƙura.

Ya ce, "Daga ina?"

Kawu ya ce, "Daga Yekuwa, Baba."

"Ai na sani. Mutanen rairayi, da kun ga yashi sai ku kwanta kamar kaji. Nan da damina hanyar ruwa ce, da rani hanyar maciji. Wanne kake so ya same ka?"

Kawu ya ce, "Wanne ya fi sauƙi?"

"Ruwa. Shi in ya wuce ya wuce."

Baba Ari ke nan. Ya sauko ya nuna mana tudu a bayan wani dutse inda iska ba ta bugu. Muka kafa sanduna, muka jingina tabarmi, muka kewaye da ƙaya saboda jakuna. Karon farko a rayuwata na ɗora tukunya a kan murhun dutse na gaske, har na riƙa shafa su. Sauran yinin duka a neman itace ya tafi. Birni ya cinye na kusa, sai mun yi nisa, mu haɗa da busasshen kashin shanu daga tsohon mashekarin Fulani. Gwaggo ta raba shi tsibi biyu daidai, ɗaya nawa, ɗaya na Kande. Ta ce, "Iyakarsa ke nan. Wadda ta ƙone nata da wuri ta ƙona zanenta."

Kafin rana ta faɗi muka hau saman dutsen, ni da Kande, wai neman ƙirare. Daga can muka ga Damagaram. Ni ban taɓa ganin gari ya wuce inda ido ke tsayawa ba. Hayaƙin girki ya kwanta a kansa kamar mayafi, ga wasu gine-gine farare, ga wani abu yana gudu yana tayar da ƙura, ga sautin begilar soja iska tana kawo shi guntu-guntu. Kusa yake, kamar ka miƙa hannu. Na ji ina so, ba zan yi ƙarya ba. Amma Kande ba so take ba, ciwo ya kama ta. Muna saukowa ta ce wa uwarta ko ƙofar gari ce a kai mu mu taɓa. Gwaggo ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba, ta ce, "Dutse kuka zo ɗauka ko kallo?"

Washegari bayan sallar asuba Baba Ari ya ja mu zuwa falalen. Yana tafe yana ƙwanƙwasa shi da ƴar guduma, kansa a karkace kamar mai sauraron tulu ko ya tsage. Inda ya ji amo ya yi masa sai ya tsuguna ya zana da gawayi, tsawon kamu biyu, faɗin kamu ɗaya da ɗan abu. Ya zana biyu, tsakaninsu kamar taki ashirin. Ya nuna wa Kande na wajen iska, ya nuna mini na wajen dutsen mai tulu a ka. Ya ce, "Wuta ta rufe zanen duka, daga yanzu har inuwar dutsen can ta taɓo nan. Kar ta yi ƙarfi, kar ta mutu, kar gefe ɗaya ya huce ya bar ɗaya. In ta yini daidai, na zuba ruwa, fatar dutsen za ta tashi ɗaya." Sau ɗaya ya faɗa. Mutanen da ba sa maimaita magana, wanda bai ji ba ya ji a jikinsa. Ya tafi bayan dutsen wurin wasu da suka riga mu. Gwaggo da Kawu suka kora jakuna zuwa rijiya, don aikin yana cin ruwa, rijiyar kuma da nisa. Aka bar mu mu biyu, kowa da wutarta.

Har hantsi lafiya lau. Sai ga wasu mata sun ɓullo ta ƙasan dutsen da ƙoren nono a ka, sun nufi birni, suna hira suna dariya. Kande ta bi su da ido. Ta taso ta zo ta tsuguna kusa da ni.

Ta ce, "Uwargijiyata."

Na ce me kike so? Don kullum baiwa take kirana a wasan taubasai, ranar da na zama uwargijiya da dalili.

"Ƙofar gari kawai zan gani in dawo. Kafin azahar ina nan."

"Wutarki fa?"

"Wuta ce fa, ba jariri ba. In kin jefa wa taki itace ki jefa wa tawa. Ke da kike girkin gida guda."

"In Gwaggo ta dawo?"

"Sai la'asar. Na tambayi Kawu."

Na ce ba zan iya ba.

Ta ce, "In aka kai ni ɗaki shi ke nan, ni da birni sai a bakin mutane. Ke ma kin sani, kin ɗanɗana. Zan gano mana mu biyu, in zo in ba ki labari tiryan-tiryan."

Ban ce e ba. Ban kuma ce a'a da ƙarfin da ya kamata ba. Ta ɗaure zanenta ta gangara da gudu, ina jin tana kiran matan su jira ta.

Taki ashirin ba nisa ba ne a kan yashi. A kan dutsen da rana ta daka, ga wuta nan ga wuta can, ba takalmi, nisa ne. Na yi ta kai da kawowa, in gyara nan in ruga can. Da rana ta take sai iska ta taso. Wutar Kande ita ce a bakin iskar, tana lashe itace kamar kara, da na juya baya sai gefe ɗaya ya zama toka. Azahar ta yi, ba Kande. Na dawo daga wurin tawa na tarar tata ta mutu a kusurwa guda, ba ko jan garwashi. Sai na yi abin da kowace mace take yi a garinmu. In wutar maƙwabciya ta mutu, ka ɗebo mata a taka, taka ba ta raguwa da komai, haka muka tashi muka gani. Na ɗauki kasko na kwashi garwashi daga gefen tawa, na ja itace biyu masu ci, na kai wa ta Kande. Na cike gurbin da sabon itace, na ce zai kama da kansa. Bai kama ba, hayaƙi ya yi ta yi. Ni kuma ina can a durƙushe ina hura ta Kande, don an koya mana cewa kayan amana sun fi naka nauyi. Sau uku na yi haka. A na ukun, ina tsakiyar hanya da kasko a hannu, na ji wani ɗan sauti daga bayana, tas, kamar an taka busasshen kara. Na waiga ban ga komai ba. Na wuce.

Kande ta dawo inuwa ta kusa taɓo zanen, tana shan rake, tana ƙamshin turaren da wani mai tebur ya shafa mata a hannu. Ta zauna a gaban wutarta kamar ba ta taɓa tashi ba. Bakinta bai tsaya ba. Wai ta ga gida a kan gida. Wai ta ga ƙarfe ana murɗa shi ruwa na fita. Wai ta ga mace a kan keke. Ni tafin ƙafata duk ya yi bororo, ko kallonta ban yi ba. Ba a jima ba muka ji kukan jakuna.

Baba Ari ya fara da na Kande. Ya share wutar da ɗanyen reshe, ya bi layin gawayin da ruwa, dutsen ya yi tsuwwa, tururi ya tashi. Ya cusa ƙarafansa a gefe, ya bubbuga nan, ya bubbuga can, sai muka ji wani nishi daga ƙasa, fatar ta ɗago ɗaya, ba tabo. Kawu ya ce ma sha Allahu. Muka koma nawa. Ya yi shara biyu ya tsaya. Bai ko karɓi ruwan da na miƙa masa ba. Tsaga ce ta taso daga kusurwar da na riƙa kwasar garwashi, ta ratsa a karkace har ɗaya gefen.

Ya ce, "Wa ya kwashi wuta a nan?"

Na ce ni ce.

"Kika kai ta ina?"

Na dubi Kande. Kande ta dubi ƴan yatsun ƙafarta. Gwaggo ma ƙafafun ta duba, na Kande da jar ƙurar hanya har ƙwauri, nawa baƙi da toka da bororo. Ba ta tambayi kowa komai ba. Baba Ari ya cusa ƙarfe ya ɗaga don ya share wurinsa, dutsen ya fito gida biyu, ɗaya kamar faifan da aka gutsure, ɗaya siriri kamar harshe. Ya ture su gefe da ƙafa.

Kawu ya ce, "Baba, a sake wata wutar mana."

"Da wane itace? Abin da ya rage kun kwashe jiya, kwana biyu za ku yi kafin ku tara. Jibi kuma na mutanen Guci ne, suna bayan dutsen can suna jira. Guzurinku zai kai?"

Ba zai kai ba, kowa ya sani.

"To a gyara babban ɓarin."

Baba Ari ya ce, "Ba na koɗa fasasshe. Ya je garinku a ce aikin Ari ne."

Ni har lokacin ban karaya ba, don na tabbata Gwaggo za ta yi hukunci. Mace ce da ba a taɓa jin ta goyi bayan ƙarya ba. Na jira. Da na ga ta juya za ta tafi wurin tukunya, sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na tare ta da magana. Na ce, "Gwaggo, wutar nan biyu ni na riƙe su."

Ta ce, "Na gani."

Na ce, "Dutsen can, hannuna ne."

Ta ce, "Wacce wuta aka ba ki?"

Na nuna.

Ta ce, "To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Kawu ya bi ta yana, "Yaya Hajjo, a dai duba, yarinyar nan marainiya ce." Ta ce masa maraici ba ya ɗinke dutse. Kande kuwa ta sha mari biyu a bayan tabarma, har gida kuma uwarta ba ta ƙara yi mata magana ba. Amma mari yana hucewa. Dutsen nata ne.

Yau shekarun da suka wuce sun fi gashin da ya rage mini baƙi, kuma har yanzu ban yanke ba. Wata rana in ce Gwaggo karatu ta ba ni, irin wanda ba a mantawa. Wata rana in ce ƴarta ta zaɓa, ta naɗe zaɓin da maganar manya, don an riga an gaya wa dangin miji amarya za ta zo da dutse. Wataƙila duka biyun ne. Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Shekara biyu da auren Kande mijinta ya samu aiki a Damagaram, ya ɗauke ta. Dutsen ya yi nauyi, a birni kuma akwai mashin, sai ta bar shi. Aka jawo shi ƙofar gidan surukanta, maza suka mayar da shi wurin zaman alwala. Kullum zan tafi rijiya sai na wuce shi, a jiƙe, kaji na sha a kwarminsa. Ni kuwa Damagaram ban shiga ba sai da tsufa, da aka kai ni gidan likita aikin ido. Na shiga ba na gani, na fito ido a ɗaure.

Matan ƴaƴana suna cewa ina da tsanani. In ɗaya ta ce, "Inna, riƙe mini yaron nan in je in dawo," sai na tambaya ina, har yaushe, wa ya sani. Suna ganin rowa ce ta hannu. Su ga abin da suka ga dama. Yanzu kowa riƙe mini, riƙe mini, tukunya a wuta a tafi kallon salular maƙwabta, in ta ƙone a ce tsautsayi. Su kuma su jikata sun hau mota sun je inda muka taka kwana uku, sun kwana a hanyar ruwa, sun kunna wutar da ake murɗawa, ba wanda ya nemi itace, ba wanda ya bar guntu uku saboda mai zuwa. Na tambayi jikata, da kuka je can me kuka ɗauko? Ta ce hotuna. Na ce dutsen da ke bayanki ɗin nan, kin ƙwanƙwasa shi kin ji? Ta ce, "Don me, Kaka?" Na ce ta miƙo mini faifai.

Ranar da dutsena ya fashe dai ban ci tuwo ba. Da gari ya waye, bayan salla, Baba Ari ya zauna da dutsen Kande tsakanin ƙafafunsa ya fara koɗa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana fitar masa da kwarmi da haƙora. Ni kuma na tafi falalen. Na mirgino babban ɓarin nan, ina turawa ina hutawa, har gindin wata aduwa. Na nemo wani dunƙulallen dutse mai tauri da ya cika mini hannu. Na zauna inda zan riƙa ganin hannun tsohon, na ba birni baya. In ya buga in buga. Na farko ya zame ya ɗauke mini fatar yatsa. Kande ta zo ta tsaya a kaina da ƙwaryar ruwa, idonta a kumbure, ta ce, "Kawo in taya ki." Na ce kin taya. Ta ajiye ƙwaryar ta koma. Baba Ari bai dube ni ba ko sau ɗaya, sai can, yana kallon aikinsa, ya ce wa iska, "Ba tabarya ba ce. A saki hannu." Na saki.

Da hantsi ya gama fuskar na Kande. Ya wanke ta, ya zuba gero cikin tafi, ya niƙa, ya miƙa wa Gwaggo garin. Haka ake gwada dutse, a tauna. In ya yi laushi a haƙori an samu, in ya yi ƙasa-ƙasa to haka zai yi ta zuba tsakuwa a tuwo. Gwaggo ta tauna, ta gyaɗa kai. Ni a lokacin abin da na koɗa bai fi tafin hannu biyu ba, shi ma da jinina a jiki. Na tashi na je buhun, ban tambayi kowa ba, na ɗebo gero. Na wanke wurin da ruwan da Kande ta ajiye, na niƙa, na tattara garin na zuba a baki. Ƙaras. Har cikin kunnena na ji shi, kuma na san Kawu ya ji, don ya runtse ido. Duk suka tsaya suna kallona.

Kawu ya ce, "Yaya?"

Na tauna na haɗiye. Na ce, "Ya yi. Ka bar masa wuri a kan jaki."

Na koma na zauna, na sake ɗaukar makoɗina.